Tsayuwar Kakana a Gindin Gawo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma a wannan daminar kakana ne, mahaifin Babana, ya riga mu komawa.

Duk wanda ya san ni a waya ya san ba a raba ni da surutu. Ni ne mai tura sitika tun kafin mutum ya gama magana, ni ne mai cika guruf ɗin ajinmu da shirme har a yi barazanar cire ni. To yau ku yi haƙuri da ni, mutanena, ba barkwanci na kawo ba. Tun da aka yi rasuwar nan yatsana ya yi sanyi, sai yau na iya rubutu. Abu biyu ne suka sa ni: kada a manta da tsohon nan, sai kuma Babana. Babana ya fara yin wani abu da Kaka ya daɗe yana yi kafin ya tafi, kuma ya ce shi ba mai kai shi asibiti.

Bari in fara daga zaman makoki.

An shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zaure har gindin darbejiya, kuma ba su isa ba. Mutane sun zo daga Zakirai, wasu daga Watari da taɓon lambu a ƙafarsu, abokan cinikinsa na kasuwar hatsi ta Ɗambatta suka cika mota guda. Kowa ya durƙusa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam," a shafa fatiha, ya koma gefe. Abin da na lura shi ne, in an zauna an fara tuna shi, kusan magana ɗaya kowa yake yi.

Mai shayin bakin hanya ya ce, "Malam ba ya wuce mutum. Kullum sai ya tsaya a wajena, ya dafa tebur, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya."

Wani maƙwabcinmu na gona ya ce, "Ni fa har kunya nake ji. Babba kamarsa, ya tsaya a bakin shingena yana yaba min gero. Geron da ni kaina na san bai yi ba."

Wani Bafulatani da ke bi da shanu ta burtalinmu ya share ido da bakin rawani ya ce, "Ko ɗan maraƙi ya gani sai ya tsaya ya tambayi uwarsa."

Sai wani dattijo, sa'an Kaka, ya gyara zama ya ce, "Amma da ba haka yake ba fa. Da can in ya saɓa garma, sallama ma a guje yake amsawa, kamar ana bin sa. A 'yan shekarun nan ne ya koyi tsayawa. Tsufa ya sa masa son mutane."

Kowa ya gyaɗa kai, ana Allah sarki. Ni kuwa sai na ɗaga ido, muka haɗa ido da Baffa, ƙanen Babana da ke koyarwa a Kano. Mu biyu da Baba mun ji abin da likita ya faɗa. Baffa ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar.

Ba ina cewa Kaka ba ya son mutane ba ne. Wallahi yana so. Akwai damin gero da yake ajiyewa daban a can ƙasan rumbu, ba mai taɓawa ko da tuwo ya yi wuya a gida. In ruwan farko ya yaudari mutane suka yi shuka ta ƙone, ba ya jira a zo a roƙa. Zai auna iri a ƙwarya, ya ce a kai gidan wane, a ce wai irin nasa ne yake so a gwada masa shi a wata ƙasar. Don kada mutum ya ji nauyi. Rabin unguwarmu a zaurensa suka yi karatun allo, har da ni, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga bulala ba. In ka yi kuskure sai ya rufe ido ya ce, "Sake. Kunnena ne bai ji daidai ba."

Amma fa akwai taurin kai, ba dama. Duniyar Kaka kashi biyu ce: abin da ya tarar, da abin da ya tarar da shi. Na biyun shi ne zamani, kuma duk abin da ya lalace a duniya daga nan ya fito. Takin zamani yana ƙona ƙasa. Kajin zamani ba su san hanyar gida ba. 'Ya'yan zamani kuwa, sai ya nuna ni da haɓa. Duk rani sai ya ɗora wa jaki mangala ya yi ta jigilar takin gida zuwa gona, Baba yana cewa a sayi buhu biyu na takin zamani a huta, shi yana cewa, "Gonar ubana ba ta cin gishiri." Wannan mutumin kuma shi ne ba ya rabuwa da rediyo, shayinsa sai da madarar gwangwani, in tocila ta mutu kuwa duk gida sai an sani. In na ce, "Tsoho, wannan fa, ba zamani ba ne?" sai ya ce, "Wannan ya musulunta."

Sarkin Latsa yake ce min. Ni kuma Tsoho. Inna, kakata, ita ce abin faɗanmu. In na dawo hutu na shiga ina, "Ina amaryata? Na zo in ɗauke ki daga hannun tsohon nan," sai ya ce, "Ɗauke ta mana. Da me za ka ciyar da ita, da data?" Inna tana daga gefe tana dama masa fura, tana cewa mu biyun duk ba ta yi.

Musun da nake son ba ku labari ya faro ne a hutun babbar Sallah. Ina makarantar koyon aikin lafiya a Kano, kuma kun san ɗan makaranta in ya koyi sabon abu, sai ya sauke shi a kan wani. Muna zaure, ana ta suya a cikin gida, an kawo wa Kaka nasa kason. Shi kitse yake so, wanda ya soyu ya yi ƙauri, ga man shanu da ake kwarara masa a tuwo har ya yi tafki. Rediyo kuma tana ba da labarin wani attajiri da ya faɗi a ofis, aka ce jijiyoyin zuciyarsa ne suka toshe.

Kaka ya ce, "Ka ji ko? Ciwon zamani. Mutum ya zauna a kujera mai juyi tun safe, iska ta inji tana busa shi, ya sha lemon kwalba ya hau mota. Ina jini zai samu hanya?"

Na ce, "Tsoho, a nan kam ka faɗi ba nauyi. Malaminmu ya ce ciwon nan ya daɗe. Na'urar gane shi ce sabuwa. Zaman banza da ciye-ciyen yanzu suna ƙara shi, gaskiya ne, amma tun da can yana nan."

"Tun da can yaushe? Kana nan?"

"Ka ga zuciya ita ma tana da 'yan hanyoyin da ke kai mata jini. Kitse yana taruwa a ciki a hankali. Kamar tiyon ban-ruwa na Watari, in laka ta taru a ciki, ruwa ya ragu."

"Tiyon wa ya kawo shi?"

"Zamani."

"To ka gani." Ya jefa kitse a baki. "Ka kayar da kanka da kanka."

Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na shiga latsa waya ina neman hoton da zan nuna masa, ya ce in kawar da madubin aljanuna. Ya ce manomi da ke zufa tun asuba, ya ci gero ya sha kuka, wannan ciwon bai san ƙofar gidansa ba. Ya ce a zamaninsu mutum yana mutuwa ne da dalili: maciji, ko sanƙarau, ko tsufa.

Ni kuma bakina ba birki. Na ce, "To waɗanda ake cewa sun faɗi a gona fa, lafiya ƙalau? Kai ma an ce babanka a hanyar gona ya rasu. Wa ya sani ko shi ne?"

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ajiye kwanon. Ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya ce, "Ubana ajalinsa ne ya zo." Ya tashi ya ɗauki buta, alhali ba a kira salla ba.

Har na koma makaranta bai ƙara ce min Sarkin Latsa ba, sunana na yanka yake kira, wanda a wajenmu ya fi zagi ciwo. Sai ranar tafiya, na durƙusa ina sallama, ya tura min ƙullin gyaɗa soyayya ya ce, "Ungo, Sarkin Latsa. Ka gaida malamin naku, ka ce masa ya zo mu yi huɗa kunya ɗaya, in ga tiyonsa." Aka wuce wajen.

Ranar da abin ya faru ina cikin murna. An kafe sakamakon jarrabawa, na haye tas, ko ɗaya ban bari ba. Muna tsalle a bakin allo, ana ta hotuna, na riga na sa a sitatus har da wuta-wuta. Ina cikin amsa "sai kai, mutumina" kira ya shigo. Baffa ne. Na ɗauka da ihu, na zaci taya murna zai yi. Ya ce, "Kana ina? Ka hau motar Ɗambatta yanzu. Malam ya faɗi a gindin gawo."

Na iske su a asibiti da rana tsaka. Kaka yana kwance, an sa masa robar iska a hanci, rigarsa ta noma sharkaf da gumi. Ya ƙanƙance. Mutumin da muryarsa ke cika zaure, sai da na kai kunne kusa. Ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, "An ce ka ci."

Na ce, "Na ci, Tsoho."

"To saura aikin yi." Ya ɗan ja numfashi. "Amaryar taka tana gida. Na bar maka. Ka nemi abin da ya fi data."

Na yi dariya, hawaye na zuba a kan hannunsa.

Likitan ya kira mu waje, ni da Baba da Baffa. Mutum mai natsuwa, bai yi mana Turanci ba. Ya ce alamu sun nuna hanyar jinin zuciya ce ta toshe, kuma ba yau abin ya fara ba. Sai ya yi tambaya: "In yana tafiya, yakan tsaya? Kamar ya ɗan yi nisa, ko ya hau tudu, sai ya tsaya ya huta, sannan ya ci gaba?"

Baba ya ce, "A'a, lafiyarsa ƙalau. Gaisawa dai yake tsayawa yi da mutane."

Likitan ya ce, "Kullum? A wurare ɗaya?"

Ni dai a kaina sai hanyar gonarmu ta miƙe: teburin mai shayi, shingen maƙwabci, tsakiyar burtali inda yashi ke cin ƙafa, sai ɗan tudun nan da gawo yake a kai. Likitan ya ce masu wannan ciwon in sun motsa jiki ƙirji yakan riƙe su kamar an ɗora dutse, wani har hannun hagu da muƙamuƙi, in sun tsaya sai ya sake su. Ya ce kuma yakan bi jini, don haka 'ya'yansa su zo a duba su.

Ana shirin neman motar da za ta kai shi Kano, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Da kalmar shahada a bakinsa, Baffa yana riƙe da kansa.

Ranar sadakar uku, da yamma, baƙi sun ragu, an raba gumba an gama. Muka shiga cikin gida, iyali kawai. Inna tana ɗaki cikin takaba. A tsakar gida kuwa, a kan tabarma, akwai Gwaggo, yayar Kaka, wadda aka ɗauko daga ƙauyensu. Ta tsufa tukuf, idon ya tafi, carbi kawai take ja. Tun da ta zo ba ta ce komai ba sai amsa gaisuwa.

Baffa ne ya tayar da maganar. Ya ce wa Baba, "Yaya, maganar likitan nan fa. Ni na je an duba ni a Kano. Saura kai."

Baba ya ce, "Ni me? Ku 'yan birni ku je. Ciwon naku ne."

"Malam ɗan birni ne?"

"Malam ajali ne. Likita dole ya faɗi wani abu, aikinsa ke nan. Mutumin da bai taɓa zama a ofis ba, ina shi ina ciwon masu kuɗi?"

Baffa ya ce, "Ai zamanin ne ya biyo mu har gida. Dubi miyarmu yanzu, dunƙule nawa ake jefawa? Taliya, man jarka, lemon kwalba. Ni da kaina nake kawo masa madarar nan katan-katan." Ya sunkuyar da kai. "Da daddawa da man gyaɗa aka tsaya, da Malam yana nan."

Kun ga su biyun duk sun yarda ciwon na zamani ne. Baffa yana cewa zamani ya shigo ya kashe uban, har yana ɗora wa kansa. Baba yana cewa tunda na zamani ne, to ba shi ya kashe uban ba, kuma shi ma ba ruwansa. Na buɗe baki na ce, "Baba, malaminmu ya ce..."

"Kai, rufe min baki da malaminku. Shi ya binne min uba?"

Sai muka ji carbi ya daina ƙara.

Gwaggo ta ce, "Yaron nan a ina ya faɗi?"

Sai da muka ɗan yi jim kafin muka gane Kaka take nufi. Baffa ya ce, "A gindin gawo, Gwaggo. Na kan tudu."

Ta ce, "Uhm. Nan Babanmu ya faɗi."

Ta juyo da fuskarta wajen muryar Baba. "Kai ba ka san kakanka ba, ba a haife ka ba. Ƙato ne, ya fi ubanka. Shi kaɗai yake ɗora wa jaki mangala. Bai san lemon kwalba ba, bai san dunƙule ba, mota ma sai ya je Ɗambatta yake ganin ta. Shekarun ƙarshe sai ya koyi tsayawa a hanya. Ni nake bin sa da ƙwaryar fura, na sani. Ya tsaya ya ce ƙaya ta soke shi. Ya tsaya ya ce yana duba gajimare. Yana yi yana murza hannun nan na hagu, yana cewa sanyi ne ya shige shi. Innarmu ta yi ta dafa masa sassaƙe. Da ya faɗi, aka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce jifa ne. Har aka daina gaisawa da wani gida a kan haka, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba."

Ta ja carbi ɗaya.

"Yaron nan shi ya fara isa wajensa. Yana saurayi. Shi ya ɗauko shi a kafaɗa har gida. Bara da ya zo gaishe ni, na ji yadda yake numfashi da ya shigo, na ce masa, kai, tsayuwar Baba ka fara? Ya ce, Yaya, ki bar maganar nan. Ya ce wancan ciwon na mutanen yanzu ne, a rediyo ake faɗa, mu ba mu da shi." Ta girgiza kai. "Ya sani sarai. Tsoro yake ji. Ni ban san sunan da likita ya ba shi ba, na da ne ko na yanzu ne, ku kuka sani. Ni dai sau biyu ke nan ana ɗauko min mutum daga gindin itacen nan."

Daga ɗaki muka ji kukan Inna, a hankali. Baffa ya rufe fuska da hula. Ni kuwa sai ranar Sallar nan ta dawo min, yadda ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk musun da muke yi, ni ina jin daɗin gardama ne, shi kuwa yana kare kansa ne daga abin da ya ɗauko a kafaɗa tun yana saurayi.

Baba ya tashi ya ce zai duba awaki.

Ciyawa ba ta san makoki ba. Bayan sadakar bakwai dole aka koma gona, lokacin maimai ya yi, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa. Baffa ya koma Kano, ya bar min saƙo a kunne: "Ka sa masa ido." Da safe Baba ya saɓa fartanya, na ce zan bi shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau kuma? Cajin ne ya ƙare?" Na ce eh. Ƙarya ne, wayar tana aljihu cike.

A wajen mai shayi ya tsaya. To, wannan ba komai, mutumin ya yi mana zaman makoki, dole a yi godiya. A shingen maƙwabci ya tsaya, ya ce bini-da-zugun nan yana son sara. Muka shiga burtali, yashi ya jiƙe ya yi nauyi, ina jin numfashinsa a gabana. Bai tsaya ba. Na ga ya ƙara sauri ma, kamar mai son nuna min wani abu. Muka fara hawa tudun. Wuyan rigarsa ya jiƙe, alhali rana ba ta yi zafi ba.

A gindin gawo ya tsaya cak. Ya sauke fartanya ya dogara da ita. Hannunsa na dama ya tafi wajen kafaɗar hagu, ya ga ina kallo, ya mayar da shi kamar yana gyara riga.

Ya ce, "Bari mu ɗan sha inuwa."

Na ɗaga kai. Ku 'yan birni ba lallai ku sani ba: gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne. Da rani yake ganye, in damina ta sauka sai ya zubar da shi tas, shi ya sa ake barin sa a tsakiyar gona, ba ya tare wa shuka rana. Sama da mu babu komai sai rassa farare da ƙaya, rana tana zubowa ta tsakaninsu har kan hular Baba.

Na ce, "Baba, gawo ne fa. Damina ce."

Shi ma ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon rassan. Manomi ɗan manomi, shi ya koya min wannan da bakinsa tun ina bin sa da butar ruwa. Na ga leɓensa yana rawa. Wallahi ban taɓa ganin Babana haka ba, ko a maƙabarta bai yi ba.

Ya ce, a hankali, "Kamar an ɗora min buhu. In na tsaya sai ya sauka."

"Tun yaushe?"

"Tun rani. Wajen jigilar taki." Ya share fuska. "Kada ka gaya wa uwarka."

Na ce, "Mu je Ɗambatta, Baba. Don Allah, don Annabi."

"Bari a gama maimai."

"Kaka ma maimai yake jira."

Ban san inda na samo ƙarfin faɗar haka ba. Na zaci zai mare ni. Sai ya juya yana kallon gonar, geron Kaka da takin gida ya yi baƙi ƙirin don kyau, ciyawa tana ɗagowa a tsakanin kunya.

Ya ce, "In na tafi, wa zai yi wannan?"

"Ni."

Ya dubi hannuna. Har ya ɗan yi murmushi. "Da wannan yatsan? Sarkin Latsa?"

Bai taɓa kira na da sunan nan ba, na Kaka ne shi kaɗai. Na miƙa hannu na kama ƙotar fartanyar. Ya riƙe. Na ja kaɗan. Ya ƙara riƙewa, sannan ya saki.

Yanzu haka da nake rubuta wannan, ina kan benci ne a barandar asibiti. Mun hau motar farko. Tafin hannuna duk ya yi kanta ya fashe, da ƙyar nake latsawa, kuma kunyoyin da na nome jiya maƙwabcinmu ya ce kamar akuya ce ta yi tafiya a kai, amma ya ce shi da yaransa za su ƙarasa min, wai Malam ya sha ba shi iri. Baba yana ciki. Sun ce ya cire riga za su manna masa wayoyi a ƙirji. Da zai shiga ya miƙo min hularsa ya ce in riƙe, sannan ya juya ya ce wa ma'aikaciyar, "Ki rubuta, ubana da kakana." Ban san abin da za su ce ba. Hular tana kan cinyata.

Tsoho, musun nan ba wanda ya ci. Da ma ka bar ni na sha kaye, kana zaure kana jefa kitse a baki.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa kabarinka ya fi zaurenka yalwa. Duk harafin da ka koya mana, duk ƙwaryar iri da ka aika a ɓoye, Allah ya sa ka iske su. Ya ba ka inuwar da ba ta zubar da ganye. Wanda ya karanta, don Allah ya yi wa kakana fatiha, ya sa Babana a addu'a.

An buɗe ƙofa. Suna kira na.